Tsofaffin wasannin bidiyo: satar fasaha ce ko adana tarihi?

Na fara buga PlayStation 2 ne a wani gidan gem da ke unguwarmu, inda ake biyan 'yan kuɗi kaɗan a buga ƙwallo na mintuna goma, kuma ban taɓa ganin faifai na asali a shagon ba, domin duk abin da mai wurin yake sakawa kwafi ne da aka sayo a kasuwa. A yau ƙannenmu suna buga wasannin wancan zamani a wayar Android ta hanyar PPSSPP, manhajar da take kwaikwayon PSP, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sony. Saboda haka, jayayyar da ake yi tsakanin kamfanonin wasanni da masu amfani da irin waɗannan manhajoji ba baƙuwa ba ce a wurina, kuma ina ganin ana cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su.

Manhajar kwaikwayo daban, kwafin wasa daban. Aikin manhajar shi ne ta sa kwamfuta ko waya ta yi aiki tamkar tsohuwar na'ura, kuma tun a shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, cewa nazarin cikin PlayStation domin ƙirƙirar irin wannan manhaja bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. Su kansu manyan kamfanonin da ita suke amfani idan za su sake fitar da tsofaffin wasanninsu a sabuwar na'ura. Inda gizo ke saƙar shi ne kwafin wasan da ake saukewa daga intanet ba tare da an biya mai shi ba.

A kan sabon wasa ba ni da wata tantama. Lokacin da kamfanin Nintendo ya kai masu Yuzu, manhajar da take kwaikwayon na'urarsa ta Switch, kotu a watan Fabrairun 2024, ya yi zargin cewa an sauke wasansa The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar da aka tsayar domin fitar da shi, kuma a watan Maris masu Yuzu suka amince za su biya dala miliyan 2.4 su rufe aikin. Wanda ya ga yadda masu buga faya-fayan bogi suka karya 'yan fim na Kano, har furodusa ya kasa mayar da uwar kuɗinsa, ba zai kira wannan da wani suna ba sai satar fasaha. Mutane sun shafe shekaru suna aiki, kayansu yana kan kanta ana sayarwa, kuma wani ya ɗauka bai biya ba.

Tsohon wasa kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ne nake ganin kamfanonin ba su da gaskiya. A watan Yulin 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Ma'anar wannan ita ce, ko da mutum ya zo da kuɗinsa a hannu yana son ya biya, babu wanda zai karɓa, sai dai ya nemi tsohon kaset ko faifai a hannun masu tara kayan tarihi, waɗanda kuɗin da za su karɓa ko sisi ba zai kai ga waɗanda suka yi wasan ba. A watan Maris na 2023 ne kuma Nintendo ya rufe shagon intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U, wasanni da yawa da ba su taɓa fitowa a kaset ko faifai ba suka rasa hanyar saye ta halal. Faifai yana lalacewa, na'ura tana mutuwa, kuma a gaskiya masu son wasannin ne, ta hanyar kwafi da manhajar kwaikwayo, suka hana da yawa daga cikinsu ɓacewa.

Idan kuma aka tashi sayarwa, farashin yakan zama abin tambaya. A watan Satumban 2020 Nintendo ya haɗa wasannin Mario uku, na 1996 da na 2002 da na 2007, ya sayar da su a kan dala 60, wato kuɗin sabon wasa fil, sannan ya janye su daga kasuwa a ƙarshen Maris na 2021. A zamanin na'urar Wii ana sayen wasa ɗaya na tsohuwar na'urar NES a shagonta na intanet a kan dala 5 ya zama na mutum, amma an rufe wancan shagon a 2019, kuma a kan Switch hanyar da ta rage ita ce biyan kuɗin shekara, wanda ya kai kusan dala 50 ga mai son wasannin Nintendo 64, ranar da ya daina biya kuma a rufe masa ƙofa. Wannan farashi an yanke shi ne da aljihun mutumin Amurka ko Japan. Matashin da ke Kano ko Maraɗi, wanda zai canja naira ko sefa zuwa dala, sannan ya nemi katin banki da shagon zai karɓa, ba a yi lissafi da shi ba tun farko.

Ban ce wannan ya halatta wa kowa ɗaukar abin da ya ga dama ba, domin haƙƙin mallaka yana nan ko da mai shi ya ajiye kayansa a ɗaki ya kulle. Abin da nake cewa shi ne, kamfanin da ya ƙi sayar da wasa ba zai iya cewa ya yi asarar ciniki a kansa ba. Shagon GOG na ƙasar Poland ya daɗe yana gyara tsofaffin wasannin kwamfuta su yi aiki a sababbin na'urori, yana sayar da su da rahusa ba tare da makullin hana kwafi ba, kuma mutane suna saye. Ɗakunan karatu a Amurka ma sun nemi a ba su izinin nuna wa masu bincike tsofaffin wasanni ta intanet, ƙungiyar kamfanonin wasanni ta yi adawa da hakan, kuma a watan Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi amincewa da buƙatar.