Kada layin ranar farko ya ruɗe ku a kan na'urar gem

Ƙannena masu son sayen na'urar wasan bidiyo, ko masu shirin sa jari a cinikinta, kuskuren da ya fi cin kuɗinmu mu da muka riga ku shi ne auna kasuwa da hayaniyar makon farko. Dreamcast ta kamfanin Sega ta shiga Amurka a 1999 ana rububinta. A 2001 aka daina ƙera ta, ba ta kai miliyan 10 ba. PlayStation 2 ta kamfanin Sony ce ta fito a 2000, tana kunna faifan DVD, masu haɗa wasanni suka koma wajenta, ta haura miliyan 150. Wanda ya tara Dreamcast a shago saboda ya ga layi, kaya suka kwana a hannunsa.

Ƙarancin kaya ma yana yaudara. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 PlayStation 5 ta yi wuyar samu saboda ƙarancin ƙananan kwakwalwar lantarki da ake haɗa ta da su, 'yan sari suka riƙa ninka farashi. Wannan ba ma'aunin buƙata ba ne. Da masana'antu suka cike giɓin, ribar sarin ta zube.

In kun ga alƙaluma, ku fara tambaya: na kayan da kamfani ya tura wa dillalai ne, ko na waɗanda suka isa gidajen mutane? Na farko yakan kumbura, domin kwali a sito ba ciniki ba ne. Microsoft kuwa ta daina bayyana yawan na'urarta Xbox da take sayarwa tun 2015, don haka duk lambar da kuka gani a kanta ƙiyasi ne, kada ku jera ta da ta Sony ko Nintendo kamar ma'auninsu ɗaya.

Abin da ya fi cancanta ku tsaya a kai shi ne wasannin. Sony da Microsoft sukan sayar da sabuwar na'ura da ɗan riba ko ma da faɗuwa, su mayar da kuɗinsu daga kason da suke cira a kowane wasa, wanda galibi kashi 30 cikin 100 ne a shagonsu na intanet, da kuma kuɗin rajistar wata-wata. Saboda haka ku raba yawan wasannin da aka sayar da yawan na'urorin. Nintendo tana wallafa duka biyun a rahotonta na kowane wata uku. In kowace na'ura tana jan wasanni da yawa, masu ita suna kunna ta, kamfanoni za su ci gaba da yi mata sababbi. In lambar ta tsaya, na'urar tana kan hanyar shiga kabad.

Suna kuma ba ya gado. Wii, na'urar Nintendo ta 2006, ta haura miliyan 100, ƙanwarta Wii U ta 2012 ta tsaya a kusan miliyan 13 da rabi. Iyaye da yawa sun ɗauka wani ƙarin kaya ne na tsohuwar. Sai ga Switch a 2017, a riƙe ta a hannu ko a jona da talabijin, ta wuce miliyan 150, alhali ƙarfin injinta bai kai na abokan hamayyarta ba. Mario da Zelda, taurarin wasannin Nintendo, su ne suka ɗauke ta, domin ba a samun manyan wasanninsu a na'urar wani. Ni a ganina wannan ya fi duk wata lambar ƙarfin inji nauyi.

Xbox sai an auna ta da wani mudu. Microsoft ta sayi kamfanin haɗa wasanni Activision Blizzard a 2023 kan kusan dala biliyan 69, tana tura mutane zuwa Game Pass, rajistarta ta wata-wata mai ba da damar buga wasanni da yawa, har tana sakin wasanninta a PlayStation. Kamfanin na iya bunƙasa alhali cinikin na'urar yana ja baya, kuma ɗan kasuwa na'urar yake sayarwa.

Ku duba shekarun na'ura kafin ku biya. Yawanci shekara shida zuwa bakwai ake yi kafin magajiya ta fito: PlayStation 4 a 2013, ta 5 a 2020. Daga shekara ta biyar ku rage sari, ku binciki ko sabuwar za ta karɓi tsofaffin wasanni, kamar yadda PlayStation 5 da Switch 2 ta 2025 suke karɓar akasarin na baya. Ku kuma lura ko samfurin yana da ramin faifai, domin marar rami ba ya barin mai shi ya sayi wasa na hannu ko ya sayar da wanda ya gama.