Yadda muka auna aikin 'yan dako a Mile 12 bayan ambaliyar 2022

A Oktoban 2022 ruwa ya shanye hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe, manyan motocin da ke kawo kayan gwari daga Arewa suka yi cirko-cirko a can. Ambaliyar shekarar ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. Ba ruwan Legas ne ya tare motocin ba, amma Mile 12, babbar kasuwar kayan gwari da ke Legas, ta ji a jikinta. A lokacin ne wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin zagayawa ina tambayar 'yan dako yadda abin ya shafi aikinsu da abin da suke samu.

Tambayar farko a takardar ita ce: ka yi aiki cikin kwana bakwai da suka wuce? Kusan kowa ya ce eh. Wanda ya saba wuni yana sauke kaya, amma duk satin kwando uku ya ɗauka, shi ma mai aiki ne a rubuce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma, a sabon tsarinta na 2023, aikin awa ɗaya a mako take ƙirgawa, kuma da shi rashin aikin yi ya koma kashi 4.1, bayan kashi 33.3 na ƙarshen 2020.

Da na tambayi wani dattijo, “Baba, nawa kake samu a wata?” sai ya yi dariya.

“Ɗana, wane wata? Mu da kwando muke lissafi.”

Daga nan na koma tambayar kwando nawa jiya, nawa ake biya kan kowanne, kwana nawa mota ba ta shigo ba. Wannan lissafin kowa na riƙe da shi a ka.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne waɗanda ba sa nan. Yaran da suka fi ƙarancin samu sun riga sun koma gida, Katsina ko Sakkwato. Idan ka auna waɗanda suka rage kawai, sai ka ga kamar samu bai faɗi sosai ba. Littafin adashinsu ne ya cece ni. Mai riƙe da shi ya buɗe mini, yana bin sunaye da yatsa: wannan ya daina zubi, wannan ya rage rabi, wannan ya tafi. Su ma na sa su cikin rahoton, a wani layi daban.