Yadda nake zana halittun teku da suka zama dutse

Mu a Katsina mafi yawan ƙasarmu a kan tsohon dutsen garanit take zaune, irin wanda ba ya ajiye burbushin halitta. Abin da nake zanawa daga waje yake zuwa: amonait, halittun teku masu naɗaɗɗen bawo kamar na katantanwa, daga dutsen siminti na Ashaka a jihar Gombe, masu shekara sama da miliyan 90, da bushiyar teku, wata 'yar halitta mai bawo da ƙayoyi a jiki, daga dutsen Kalambaina kusa da Sakkwato. A Kalambaina ba a samun amonait, domin sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, dutsen can kuwa bayan haka ya kwanta.

Kafin fensir, awo. Ina amfani da baniya, ma'aunin nan mai baki kamar sifana da makanikai ke auna kauri da shi. Abu huɗu nake aunawa a jikin amonait: faɗinta gaba ɗaya, tsawon zagayen ƙarshe, kaurinsa, da faɗin cibiyar da ke tsakiya. Idan dutsen santimita 6 ne, nakan ninka komai sau biyu, in ɗiga wuraren a takarda da fensir mai tauri, wato 2H, sannan in haɗa su.

Nan kuskurena na farko ya fito. Hannun da ya saba ganin faifai yakan naɗe layi da tazara iri ɗaya, zagaye bayan zagaye. Amonait ba haka take ba: kowane zagaye ya fi na cikinsa faɗi, kuma yakan rufe wani ɓangare na wanda ya gabace shi. Zanena na farko faifai ne sak, sai dai mai inuwa. Maganin shi ne in ja layi takwas da suka ratsa cibiya, in auna nisan gefen kowane zagaye a kan kowannensu.

Haske daga sama ta hagu yake zuwa, ƙa'idar masu zanen kimiyya ke nan. In aka juya shi, ido sai ya ga tudu a matsayin rami. Fitila ɗaya nake kunnawa, in rufe taga, domin hasken rana yana tafiya da inuwa kafin la'asar. Dutsen kuma a kan ƙaramin buhun yashi nake girke shi don kada ya motsa.

Inuwa da ɗigo nake yin ta, ba da goga fensir ba. Alƙalamin tawada mai bakin milimita 0.3 don layin gefe, mai 0.1 don ɗigo. Inda duhu yake ɗigon ya yi cunkoso, inda haske ya bugi dutse a bar takarda fara. Alƙalamin a tsaye ake riƙe shi, in ya karkata ɗigo sai ya yi wutsiya kamar waƙafi. Lokacin hunturu bakin 0.1 yana bushewa da an ajiye shi a buɗe, ƙura kuma tana kwanciya a takarda, gefen hannu ya shafe ta. Nakan sa wata takarda a ƙarƙashin hannu. Kuma kada a goge fensir sai tawada ta kwana.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne layukan nan masu lanƙwasa kamar zanen lalle, inda bangon kowane ɗaki na cikin bawon ya haɗu da jikinsa. Da su masana ke bambance iri da iri, saboda haka ba a yi musu kwalliya. In sun dushe, ɗan jiƙa dutsen da ruwa yana fito da su. Ɗaya nake bi da gilashin ƙara girma mai ninki 10 har ƙarshensa, sauran in nuna su sama-sama. Bushiyar teku ta fi sauƙi, amma a ƙirga: tsarin furen da ke bayanta kunne biyar ne, kowanne da ramuka jere bibbiyu.

Inda dutse ya karye, ba na cikewa da abin da nake zato. Layi mai tsinke-tsinke nake sawa, mai kallo ya san nan hasashe ne. Daga ƙarshe in ja sandar awo ta santimita 1 a ƙasa, maimakon rubuta "ninki biyu", domin da an rage hoton a waya wannan rubutun ya zama ƙarya, sandar kuwa tare da zanen take raguwa.