Laraba: manhajar da ke kashe talla da kanta

Tun da na dawo daga sallar asuba nake kan takardun bayanin wata manhaja, ban ɗaga kai ba sai da aka kira azahar. Hajiya ce ta turo min ita jiya. Ɗanta ya gaya mata cewa manhajar tana aiki da ƙirƙirarriyar basira, tana sa ido a kan talla biyu da ake gwadawa, da zarar ta ga wanda ya fi sai ta kashe ɗayan, ba sai an jira ƙarshen gwaji ba. Hajiya atamfa da leshi take sayarwa a Kantin Kwari, ni nake kula mata da talla a Facebook da Instagram. Kuɗin tallan daga ribarta suke fita, shi ya sa abin ya shiga ranta. Ni ma ba na son ganin ana zuba kuɗi a hoton da ba ya kawo ciniki.

Bayanin yadda ake haɗa ta da asusun talla ya fita sarai, har da hotuna. Na wuce shi da sauri. Abin da ya kawo ni shi ne inda aka faɗi lokacin da take yanke hukunci, sai na tarar da layi ɗaya tak: tana duba sakamako kowace awa, tana tsayar da gwaji idan tabbaci ya kai kashi 95 cikin 100. Sau uku na karanta shi.

Wannan kashi 95 an gina shi ne a kan cewa sau ɗaya za a duba, a ƙarshe. Idan tallan biyu ba su da wani bambanci, duba ɗaya zai ruɗe ka sau 5 cikin 100. Amma tun 1969 masanin ƙididdiga Armitage da abokan aikinsa a Ingila suka lissafa cewa in ka duba sau biyar, kuskuren yana kaiwa kusan 14 cikin 100, in sau goma kusan 19. Kowace awa a mako guda kuwa duba 168 ke nan. Kamar ka tsaya tsakanin shaguna biyu masu kaya iri ɗaya, kana leƙa aljihun kowa duk awa. Dole wata awa ka ga ɗaya ya yi gaba, alhali sa'a ce kawai ta ratso ta ƙofarsa.

Tsayar da gwaji da wuri ba laifi ba ne, akwai hanyarsa. Masanin lissafi Abraham Wald ya fitar da ita a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, littafinsa ya fito a 1947. Masu gwajin magunguna suna da tsarin Pocock na 1977 da na O'Brien da Fleming na 1979, wanda ke tsaurara sharaɗi ƙwarai a farkon gwaji, ya sassauta a ƙarshe. Kamfanin Optimizely, mai manhajar yin irin wannan gwaji a shafukan intanet, shi ma ya koma irin wannan lissafi a 2015. Na bi takardun manhajar shafi-shafi ina neman sunan ko da ɗaya daga cikinsu. Babu. Abin ya ɓata min rai, domin wanda ya ƙera abin da zai taɓa kuɗin mutane ba tare da ya tambaye su ba, ya kamata ya faɗi da wane ma'auni yake awo.

Sai kuma halin masu sayenmu. Mace za ta ga leshi ranar Talata, ta tura wa yayarta hoton, ta tambayi farashi ta WhatsApp, sannan ta jira albashi kafin ta turo kuɗi. Facebook kansa yana son talla ya samu sakamako kusan 50 a mako kafin ya fita daga matakin koyo, wato lokacin da yake laluben waɗanda ya fi dacewa ya nuna wa tallan, mu kuwa talla ɗaya ba ya kawo mana ciniki 50 a mako. Ke nan da yawan dannawa manhajar za ta yi hukunci. Na sha gani, hoto mai ƙyalli ya fi jan yatsa, amma wanda aka rubuta farashi a jikinsa shi ke kawo masu biya.

Bayan la'asar na je shago. Na same ta tana ninke turmin atamfa shuɗi, awarwaronta na ƙara a kan kanta.

"Ranki ya daɗe, kada mu ba ta ikon kashe talla tukuna."

"To ɗana, kuɗin da ke zubewa fa?"

Na ce ta ba ni mako biyu da za su haɗa da ƙarshen wata. Manhajar za ta riƙa ba da shawara kawai, hannuna ne zai kashe. Ta yi shiru, ta ɗora turmin a kan 'yan'uwansa, ta ce Allah ya sa albarka.

Da dare na rubuta wa masu manhajar tambaya biyu: wane lissafi ke bayan duban kowace awa, kuma kwana nawa take jiran mai saye da ya makara. Sannan na saka talla biyu da ɗan kuɗi kaɗan, hoto ɗaya, kalmomi ɗaya, farashi ɗaya, na miƙa mata su. Ina jira in ga ko za ta ce ɗaya ya fi.