Gawon Kawu da Buhunan Babana

Mahaifiyata 'yar Nijar ce, daga wani ƙauye da ke arewa da garin Agye a jihar Maradi, aure ne ya kawo ta Kano tun tana yarinya. Da aka sa ranar bikin autan Kawu, ciwon gwiwa ya hana ta motsi, sai ta ɗaure turmin atamfa biyu da ƙullin goro ta ce in je in wakilce ta. Rabona da ƙauyen tun ina shekara shida. Abin da na riƙe game da shi bai wuce rairayi mai ƙona tafin ƙafa da iskar da ke cika wa mutum baki da ƙasa ba.

Na bar Kano bayan sallar asuba a watan Maris, kafin azahar mun wuce Katsina. Daga nan zuwa Jibiya motar ta yi tsit, kowa na jan carbinsa, domin duk mun san halin da hanyar take ciki. A Magama na canza nairata zuwa sefa, muka tsallaka Ɗan Isa, na kwana a Maradi. Washegari na hau motar Damagaram, ta sauke ni a Agye, tafiyar kimanin kilomita 80, sannan ɗan kabu-kabu ya goya ni cikin yashi.

A bayan babur ɗin nan ne na fara shakkar ko an ɓatar da ni. Tsakiyar rani ne, kara ya bushe, ciyawa ta ƙone, amma duk inda na juya gonaki cike suke da itatuwa. Ba gandun gwamnati ba ne mai layi-layi. Gonakin talakawa ne, kalgo nan, sabara can, ga aduwa ga magarya, sannan ga gawo ya yi kore shar a kansu. Gawo dai halinsa daban: da damina, lokacin da kowane icce ke tofo, shi zubar da ganyensa yake yi, sai rani ya tsananta ya yi lif. Shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ci da awaki a lokacin da babu komai a ƙasa.

Kawu ya tsufa, amma da ya riƙe hannuna sai da na ji ƙarfin manomi. "Ɗan ƙanwata, ka zo lahiya? Ya mutanen Kano?" Aka kawo fura a ƙwarya, da dare tuwon gero miyar kuka, kukar ma daga bayan gida aka tsinko ta. Da safe, tun mata ba su ɗora tukwanen biki ba, ya ɗauki ƙaramin gatarinsa ya ce in bi shi gona.

Ya tsaya a kan wani kututturen kalgo wanda ni da na wuce shi ba tare da na duba ba. Tofo ya fito masa kamar goma sha biyar, sirara, sun cunkushe. Kawu ya durƙusa ya riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Ya bar uku masu miƙewa, ya sare sauran, yana kai saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya rage wa ukun rassan ƙasa, ya yagi tsumma ja daga aljihunsa ya ɗaura wa mafi tsawo, alamar wannan yana da mai shi. Duk aikin bai kai minti biyar ba. "Wannan shi ne sassaben zamani," in ji shi. "Iccen bai mutu ba, saiwarsa na nan ƙasa, ta fi ni shekaru. Mu ne kullum muke sare mishi kai mu sa wuta."

Ya miƙo mini gatarin a kututture na gaba. Na sari reshe daga sama, ɓawon ya biyo ni har gindi. Bai yi faɗa ba. Ya shafa wurin da babban yatsansa, ya gyara mini riƙon, ya ce in sake.

Muna zaune a inuwar gawo ya ba ni labarin yadda aka kai nan. A zamaninsu, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta yi fes, ko ɗan tsiro babu. Haka malaman gona suka koyar tun lokacin da gyaɗa ke tashe. Ga kuma doka. Tun daga dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, itatuwa irin su gawo sun zama a hannun hukuma ko da a gonarka suka tsiro, kuma bayan samun 'yancin kai a 1960 aka ci gaba a haka. Idan ma'aikacin gandun daji ya ga ka datse reshe, tara ce. To mutum ya reni abin da gobe zai jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin a gani. Fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984, ya tarar da ƙasa tsirara. Kawu ya ce akwai shekarun da sai ya yi shuka sau uku ko huɗu, iska na binne tsiron da yashi.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa a hannunsa a yankin Maradi, ya tsaya rage wa tayoyin motarsa iska don ya ratsa yashi, idonsa ya faɗa kan irin wannan kututture. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare, mutane suka sare wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rena. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga geronsu ya fi, ga itacen girki a kusa, maƙwabta kuma suna da ido. Bayan shekara ashirin da wani abu, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. An ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, kuma ya cancanta. Sai dai ni da na ga hannun Kawu a kan kalgon nan, na san itatuwa miliyan 200 ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ilimin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tunda har yau ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan saran gawo a ƙarni na 19. Abin da talaka ya rasa shi ne tabbacin cewa wanda ya reni icce shi zai ci moriyarsa. Sai a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta rubuta wa manomi wannan haƙƙi a fili.

Ba kowa ne inuwar ta rufe ba. A hanyarmu ta komawa muka gamu da wata bazawara da ɗan ƙullin ƙirare a ka. Ba ta da gona, saboda haka ba ta da icce. A da daji na kowa ne, yanzu kowane tsiro da tsummansa. Kawu ya ce ta biya ta kwashe rassan da muka sare, ta yi godiya har da durƙusawa, ni kuwa godiyar ta tsaya mini a rai, domin abin da ta samu alfarma ce, gobe mai gona na iya hanawa. Haka ma Fulani, da shanunsu ke buƙatar ganyen gawo a ƙarshen rani. Kawu ya ce sun sha rigima kafin a kafa kwamitin tsaron itatuwa a sa makiyaya da mata a ciki, a yarda a kan reshen da za a sassabe da wanda za a bari. Rigimar ta ragu, ba ta ƙare ba.

Daren da aka kai amarya, gida ya yi shiru, na zauna kusa da Inna, matar Kawu, tana tsince zogalen da za ta kwaɗa. Na tambaye ta wani ɗan kurmi da na ga an kewaye da ƙaya a bayan rumbu. Ta ce anza ce. Ta ce ba ta bari a taɓa ta, domin ita ta riƙe su a yunwar 2005. 'Ya'yan anza ɗaci ne da su kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciyu. Da ita da tafasa suka yi damina.

Na san 2005, amma ta wata fuskar. Babana ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ni kuma lokacin ina shekara goma sha biyar, ni ke riƙe littafin ƙirgen buhuna idan an tashi makaranta. Shekarar ciniki ce. A ita aka yi wa gidanmu bene. Ban taɓa tambayar inda geron ke fitowa ba.

Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, amma abin da aka rasa na hatsi a Nijar bai kai kashi 15 cikin 100 na abin da aka saba samu ba. Hatsi na nan a kasuwar Maradi, tuli guda. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Manomi ya sayar da kaka da arha don ya biya bashi, motoci suka kwashe suka yi kudu inda farashi ya fi, da damina ta zo buhu ya doshi jika 30, wato sefa dubu 30. Likitocin ƙungiyar agaji ta na-gari-na-kowa (MSF) sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maradi, wadda ake kira rumbun ƙasa.

"A nan ƙanwarka ta tafi," in ji Inna, ba ta ɗago kai daga tiren ba. "Ba ta cika shekara uku ba. Nonona ya ƙafe, anza kuma ba abincin yaro ba ce."

Na tuna saƙon da ya zo mana Kano a lokacin. An ce zazzaɓi ne. Na ce, "Inna, me ya hana ku aiko? Shagonmu cike yake." Ta ce Kawunka ne ya hana, ya ce ba zai miƙa wa mijin ƙanwarsa hannu ba. Sai da ya sayar da awaki duka, ya sare gawo biyu ya kai itacen Agye ya auno tiya kaɗan. Ta ce waɗanda ke da itatuwa sun sami abin sayarwa, waɗanda ba su da su har gonar suka jinginar. Na rasa abin cewa. Na sa hannu a tiren na taya ta tsinke zogalen har muka gama.

Da zan tafi ta cika mini ƙaramin buhu da gero, da garin kuka, da busasshiyar magarya ta ce in kai wa mahaifiyata, wai tana son ta tun tana yarinya. Na yi ƙoƙarin ba ta kuɗi, ta ture hannuna. A hanyar dawowa, bayan mun wuce Jibiya, na lura gonakin ɓangarenmu sun fi nasu yawan fili fetal, alhali mu ne muka fi su samun ruwan sama.

Na tarar da Baba a ƙofar gida bayan la'asar. Ya buɗe buhun, ya ɗebi geron a tafin hannu, ya gutsiri ƙwaya ɗaya da haƙori kamar yadda ya saba, ya ce mai kyau ne, ya tambaye ni nawa tiya take a can. Na faɗa masa. Sannan na zauna a gefen tabarmarsa na ba shi labarin anza da gawo biyun da Kawu ya sare. Ya daɗe bai ce komai ba, geron na hannunsa. Can ya tambaye ni sunan yarinyar. Na faɗa masa, ya maimaita a hankali, ya mayar da geron cikin buhu, ya ɗaga hannu muka yi mata addu'a.