Tarihin Svengoolie, Shirin Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro na Birnin Chicago

A duk daren Asabar tashar MeTV ta Amurka tana nuna tsohon fim na ban tsoro, amma kafin fim ɗin ya fara sai an buɗe wani akwatin gawa da aka kafa a tsaye, wani dattijo ya bayyana sanye da baƙaƙen kaya da doguwar hula, an zagaye idanunsa da baƙin shafi, ya yi wa masu kallo maraba. Sunan mutumin Rich Koz, sunan shirin kuma Svengoolie, wanda shi ne sunan da yake fitowa da shi a ciki. Ina ganin tarihinsa ya cancanci a ba da shi, domin cikin ɗimbin irin waɗannan shirye-shirye da suka taɓa cika tashoshin Amurka, kaɗan ne suka rage, kuma babu wanda ya kai wannan yawan masu kallo a yau.

Al'adar ta girmi shirin da shekaru. A 1954 wata tasha a Los Angeles ta ɗauki Maila Nurmi ta riƙa gabatar da fina-finai da sunan Vampira, kuma ita ake ɗauka a matsayin ta farko, ko da yake tashar ta soke shirinta a 1955. Abin da ya yaɗa al'adar shi ne cinikin da kamfanin Screen Gems ya yi a 1957, lokacin da ya haɗa tsofaffin fina-finai 52 na kamfanin Universal ya ba tashoshi haya da sunan Shock. A cikinsu akwai Dracula da Frankenstein, dukansu na 1931, da The Mummy na 1932, da The Wolf Man na 1941. Yawancin waɗannan fina-finai ba su fi minti saba'in da 'yan kai ba, alhali lokacin da tasha ta ware ya fi haka tsawo, don haka dole a samu abin cike gurbi. Hanya mafi araha ita ce a kama wani ma'aikacin tashar, sau da yawa mai karanta sanarwa, a shafa masa hoda, a sa shi ya yi magana tsakanin tallace-tallace. Ta haka aka samu John Zacherle a Philadelphia da New York, aka samu Ernie Anderson da sunan Ghoulardi a Cleveland daga 1963 zuwa 1966.

A Chicago, tashar WFLD ta fara wani shiri mai suna Screaming Yellow Theater a 1970. Jerry G. Bishop, wanda gogaggen ma'aikacin rediyo ne, da farko muryarsa kawai ake ji yana sanar da fim ɗin, daga baya ya fito a allo da dogon gashi na bogi da karin magana irin na Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dracula, ya zama Svengoolie na farko. Shi ya kafa abubuwan da har yau ake yi: kajin roba da ake jifan mai gabatarwa da su idan barkwancinsa bai yi armashi ba, da kuma tsokanar garin Berwyn da ke gefen Chicago, wanda ake ambatonsa a kusan kowane shiri.

Daga nan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni ya fara. Rich Koz a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Northwestern, yana kallon shirin, yana aika wa Bishop barkwanci ta wasiƙa. Bishop bai jefar da wasiƙun ba, ya karanta su, ya ga yaron yana da basira, har ya jawo shi ya zama marubucin shirin. A 1973 sababbin masu tashar suka soke shirin suka kawo wani mai gabatarwa daga Cleveland, mutanen Chicago kuwa ba su karɓe shi ba, bai daɗe ba aka cire shi. Da aka zo farfaɗo da shirin a 1979, Bishop ya riga ya kama hanyar San Diego, sai ya sa wa Koz albarka ya ɗauki sunan, aka kira shi Son of Svengoolie, wato ɗan Svengoolie. Ba kasafai ake ganin irin wannan karamci a harkar talabijin ba, inda kowa ke ƙanƙame abin da ya ƙirƙira.

Koz ya riƙe shirin daga Yunin 1979 har farkon 1986, lokacin da tashar ke komawa hannun kamfanin Rupert Murdoch, attajirin kafofin watsa labarai, aka sake soke shi. Kusan shekara tara babu Svengoolie. A wannan tsakanin ne yawancin takwarorinsa na sauran birane suka ɓace, domin kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, tashoshin kebul sun yawaita, kuma ƙananan tashoshi sun gano cewa sayar da lokacin dare ga masu talla ya fi biyan ma'aikata riba. A ranar 31 ga Disamba 1994 shirin ya dawo a tashar WCIU ta kamfanin Weigel, kuma Bishop ya ce wa Koz ai yanzu ya girma, ya ajiye kalmar "ɗan" ya amsa cikakken sunan. A 2011 MeTV, wadda ita ma ta Weigel ce, ta fara watsa shi a faɗin ƙasar. Bishop ya rasu a 2013, bayan ya ga inda abin da ya fara ya kai.

A ganina abin da ya raya shirin shi ne mutunta fim ɗin da mai kallo. Koz yana barkwanci, yana rera waƙoƙin zolaya tare da makaɗinsa Doug Scharf, yana karanta wasiƙun masu kallo da nuna zanen yara, amma a kowane mako yana tsayawa ya yi bayani da gaske: wane ne ya ba da umarni, a wane fim aka taɓa ganin wannan ɗan wasan, yaya aka haɗa fuskar dodon a zamanin da babu kwamfuta. Yaron da ya zo don ya ga kajin roba sai ya tashi ya san 'yan wasa irin su Boris Karloff da Lon Chaney ƙarami, ya san Jack Pierce, wanda ya tsara fuskar dodon Frankenstein. Matsayin Koz ya yi kama da na kaka mai ba da tatsuniyar Dodo da dare, domin tsoron yana da daɗi ne saboda akwai wanda aka amince da shi a kusa. Shi ya sa iyaye ke zama da 'ya'yansu su kalla tare, abin da ba zai yiwu ba da yawancin fina-finan ban tsoro na yanzu.

Ko da shirin ya zama na ƙasa baki ɗaya, bai daina ambaton Berwyn ba. Na ɗauki wannan a matsayin hikima, domin abin da masu kallo na wasu jihohi ke nema shi ne ainihin wannan ɗanɗano na ƙaramar tasha da suka rasa a garuruwansu.

An haifi Koz a 1952, kuma ya yi fama da ciwon zuciya a 2012 kafin ya koma aiki. A 2023 an ƙara tsawon shirin zuwa awa biyu da rabi, aka kuma shigo da sababbin 'yan wasa da ke fitowa tare da shi. Ina fatan a cikinsu za a samu wanda zai koyi ɓangaren bayanin tarihi kamar yadda zai koyi barkwancin, domin wannan ɓangaren ne ya fi wuyar gado.