Ruwa ke kashe hanya a garin ga, ba mota ba

Ni dai sana'ata buga pabe, wato bulon siminti na daɓen hanya, da shimhiɗa shi, sai kuma yasar kanibo, wato magudanar ruwa ta bakin hanya, in damina ta ƙarato. Nan Tahoua nike, ina da ɗan hili bayan gari inda muke bugawa, injin girgiza guda ɗaya tsoho amma shina aiki, da yara takwas in kasuwa ta buɗe, in ta ruhe mu koma mu ukku da mai gadi. Kullum in mutane sunka gan mu da pelu da buruwet bakin hanya sai an samu mai tsayawa da moto ya ce patron yaushe za ku zo unguwarmu, ramin ƙohwar gidanmu ya kusa cinye jaki da sharet ɗinshi. Sai in yi dariya in ce Malam ni ma kira na ake, in ba a ba ni marshe ba, wato kwangilar aikin, ko tsakuwa guda ba ni da ikon ɗagawa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, ba kowace hanya ce ta meri ba, wato ma'aikatar magajin gari. Babban gudron da ya taso daga Tsernaoua ya ratso mu ya wuce Agadez har Arlit na gwamnati ne, gyaranshi daga FER, asusun kula da hanyoyi, yake hitowa, wanda kuɗin peyaj ke shiga ciki. Hanyoyin cikin unguwa da kanibo da shara su ne ke kan meri, kuma garin ga arondisma biyu gare shi, da babbar meri ta birni bisa kansu. Tun watan Afrilu na 2024 da anka rushe majalisun kansiloli, waɗanda anka naɗa ne ke riƙe da su, amma aikin dai shi ne bai canza ba, kuɗin ma inda suke hitowa ke nan, harajin hanya da tikitin kasuwa da na tasha, wanda kowa ke gudun biya kuma kowa ke son ƙohwar gidanshi ta yi kyau.

Lokacin Tahoua Sakola, shirin gyaran gari na 2017, da bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba ya zo kanmu, an ga aiki kam, manyan kamfanoni da manyan injuna, mu ƙanana abin da ya zubo ƙasa munka tsinta. To biki ya wuce, hanya kuma tana nan tana son mai kula da ita, nan ne irin mu ke shigowa.

Ka ga gudron, kamyo nawa zai taka shi bai ce komi ba muddin ƙasanshi a bushe yake. Amma bari kanibo ya toshe, ruwan Agusta ya sauko da ƙarhi ya rasa wurin bi, ya kwanta bisa hanya kwana biyu, sai ya samu 'yar tsaga ya shige ya jiƙa laterit ɗin da ke ƙasa, shi ke nan mota ta hwarko ta lotsa shi, ta biyu ta ɓalle bakin, kahin sati rami ya zama na wanka ga agwagi. Shi ya sa aikin da na hi ganin girmanshi duk cikin sana'ar ga shi ne wanda ba wanda ke ɗaukar hotonshi, yasar kanibo cikin Mayu da Yuni, cikin zahin nan da ko ƙarhen pelu ba ka iya riƙewa da hannu tsirara. Ran Litinin bayan kasuwar Lahadi je ka ɗaga dal guda, wato murhin kanibo, kusa da kasuwa ka gani. Rairayin da iska ta tara duk rani shi ne rabi, sauran leda ce, baƙa da hwara ta ruwan sanyi, ɓawon albasa, tsohon takalmi, mun taɓa hiddo katihwa sukutum wallahi. Yaro zai shiga da bot har gwiwa shina miƙo bokiti, wari kuwa ba a magana.

Kuma hiddawa ba shi ne ƙarshen aiki ba. In ka tara dattin bakin kanibo kamyo bai zo ya kwashe ba, ruwan hwarko zai maida shi inda ya hito, ka yi aikin banza. Akwai wata tsohuwa mai tuyar masa da munka tara mata tsibi gab da tandarta, kwana ukku tana haƙuri, ranar na huɗu ta kira ni ta ce ɗana, wanga abin gado za ku bar min ko ko haya zan riƙa amsa? Na ce Inna ki yi haƙuri mota muke jira. Ta ce motar daga Makka za ta taso? Ranar da kuɗin aljihuna na ɗauko masu sharet biyu sunka kwashe. Tun daga nan ba ni sa hannu ga takarda sai an rubuta wa zai kwashe, kuma yaushe.

Pabe kuwa ni ina bayanshi ga hanyar unguwa, ba don shi nike ci da shi ba kaɗai. In masu bututun ruwa ko waya sunka zo haƙa, gudron sai an yanka shi kuma hacin ba ya taɓa zama daidai, pabe ko sai ka cire ɗaya-ɗaya ka tara gehe, a gama a maida. Sai dai shi ma ba ya son ha'inci. Na hanyar mota kauri santimita 11 ake bugawa, na gehen masu tahiya ƙasa 8 ya isa, siminti kuwa buhu bakwai na kilo 50 ga mita kib guda na kwaɓi, ka rage buhu ɗaya ba mai gani ranar, damina biyu za ta tona ka. Ga Malbaza nan kusa da mu ana yin siminti, amma tsada ba ta san maƙwabtaka ba. Bayan bugu sai shayarwa sahe da marece, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarhinshi.

Nan na taɓa cin kaina da kaina. Ina sabon shiga, ana matsa min a gama kahin wani biki, na kwashi pabe ɗan kwana shida na shimhiɗa, bordir ɗin gehe da ke riƙe pabe ma ban bari ya kama ba. Kamyon albasa guda ya bi ta kai, gehen ya buɗe kamar haƙoran tsoho, rairayin ƙasa ya gudu. Ba wanda na iya ɗora ma laihi, na cire na sake da kuɗina, ribar wannan aikin da ta na bayanshi duk can ta tahi.

Wahalar da ta rage ita ce ta hannu. Yaro ka koya mishi jan igiya da daidaita rairayi har ya iya, rani na yi sai ya ce patron zan tahi bida, Abidjan ko Libiya, damina kuma kowa ya nuhi gonar gero daidai lokacin da kanibo ke neman mutane. Bana ma biyu daga cikin masu hannu sun riga sun yi min sallama, gobe da asuba zan leƙa tasha ko in samu waɗanda za su shiga rami.